Kar Ka Bari a Yanka Maka Prius: Gaskiyar Maganar Mayar da Haibirid Mai Caji a Haɗeja



Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin man fetur, duk mai mota ya koma ɗan lissafi. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a gidajen mai da yawa. Shi ya sa motocin haibirid irin su Toyota Prius, waɗanda a da ake gudu saboda tsoron batir, yanzu mutane ke tambayar kuɗinsu.

To ana cikin haka sai ga wata sabuwar magana ta fara yawo a TikTok da YouTube da guruf-guruf na WhatsApp. Wai ka kai haibirid ɗinka a ƙara mata batir a but, a fito mata da waya, ka riƙa jona ta a soket kamar wayar hannu, shi ke nan kai da gidan mai sai dai gaisuwa. Bidiyon yana da kyau, allon motar yana nuna lambobi masu daɗin gani, mai bayani yana ta murmushi.

Ni dai matsayina a fili yake. Ga mutumin da ke zaune a Haɗeja, ko Auyo, ko Kirikasamma, ko Guri, ko Kafin Hausa, wannan aikin asarar kuɗi ne, kuma yana iya zama asarar mota, Allah Ya kiyaye har da rai. Wanda ke tallata maka shi bai yi maka lissafin ba, ko kuma ya yi ya ɓoye. Bari mu yi shi tare.

DA FARKO, MENE NE AIKIN?

Prius ta 2004 zuwa 2009 tana da injin fetur da motocin lantarki guda biyu, sannan da batir na nikel a bayan kujerar baya. Batirin nan ƙwaya 28 ne aka jera, kowace volt 7.2, jimilla wajen volt 201. Amma abin da yake iya ɗauka ɗan kaɗan ne, yunit 1.3 kacal. Yunit ɗin nan da nake faɗa shi ne dai wanda kake saya a mitar gidanka. Kuma ko wannan ɗin kwamfutar motar ba ta yarda a yi amfani da shi duka. Tana riƙe shi tsakanin kashi 40 zuwa 80 cikin ɗari, don ya daɗe. Aikinsa ya kama ƙarfin da ke tafiya a banza in ka taka birki, ya mayar maka in za ka tashi. Injin motar ne ke cika shi, ba a jona shi a ko'ina.

Masu juyin suna bin ɗayan hanya biyu. Ta farko, wadda ta fi araha: a ajiye wani batirin litiyam mai yunit 2 zuwa 4 a but, a haɗa shi da konbata mai ɗaga volt, ta riƙa ɗura wuta kaɗan-kaɗan cikin batirin motar na asali. Ta biyu, a saka babban batir mai volt ɗin da ya yi daidai da na motar, sannan a dasa wata na'ura da za ta riƙa yi wa kwamfutar motar ƙarya, tana gaya mata batir a cike yake, don ta rage kunna inji.

Ka lura da kyau. A duka biyun ba a canza wa motar hali ba. A Prius ta wannan zamanin, da ka wuce wajen kilomita 65 zuwa 70 a awa dole injin ya juya, haka aka ƙera giyarta, kuma da ka taka totur zai sha mai. In ka tayar da ita da safe ma sai injin ya kunna ya ɗumama kansa. Ita kuwa ƙaramar konbata, ƙarfin da take bayarwa bai kai abin da mota ke ci ba in tana gudu a titi. Saboda haka maganar “ka manta da gidan mai” tun daga nan ta faɗi.

SU DA SUKA FARA, INA SUKA ƘARE?

Abin nan ba sabo ba ne, mu ne dai ya zo mana a makare. A 2004 wata ƙungiya a Kalifoniya ta Amurka mai suna CalCars, ƙarƙashin Felix Kramer da injiniya Ron Gremban, ta fara juya Prius ta zama mai caji. Batiran dalma suka loda mata, nauyi ya haura kilo ɗari, abin da suka samu kuwa tafiyar 'yan kilomitoci ce a cikin gari. Su kansu burinsu shi ne su kunyata manyan kamfanoni, su nuna musu abin zai yiwu, don su ƙera da kansu.

Daga baya kamfanin Hymotion na Kanada ya fito da nasa na litiyam mai yunit 5. Kamfanin batir na A123 Systems ya saye shi a 2007, ana sayar da kayan a wajen dala 10,000. Injiniyoyi ne suka tsara shi, aka gwada shi, aka horar da masu ɗaurawa. Duk da haka kasuwar ba ta ɗore ba, shi kansa A123 ya karye a 2012. A 2008 kuma, a jihar South Carolina, wata Prius da wani kamfanin daban ya juya ta kama da wuta ta ƙone. Da aka bincika, sai aka gano mahaɗar waya ce a jikin batirin ba a ɗaure ta yadda ya kamata ba, ta yi ta zafi har ta tayar da gobara. Kusa ɗaya, ɗan uwa. A ƙasar da ake da kayan awo da ma'aikatan kashe gobara a kowace unguwa.

Me ya kashe kasuwar? Kamfanonin sun fito da na asali. Toyota ta saki Prius mai caji a 2012 da batir mai yunit 4.4, a ƙarshen 2016 ta kawo Prius Prime mai yunit 8.8 da ke yin wajen kilomita 40 da lantarki zalla. Sai mutane suka ga ba dalilin yanka mota. Wato abin da masu shi suka gwada suka ajiye sama da shekara goma da suka wuce, shi ake kawo mana yau a matsayin sabuwar fasaha.

MU ZO KAN LISSAFI

Ɗauko kalkuletar wayarka.

A ce an saka maka batir mai yunit 4. Ba za ka zuƙe shi tas ba, in kana so ya yi rai. Konbata ma tana cin nata rabon ta mayar da shi zafi. Abin da zai isa ga motar bai fi yunit 3 ba, ko da ɗan ɗoriya. Prius tana yin wajen kilomita 6 da yunit ɗaya, wato kilomita 18 zuwa 20 ke nan. Ita kuma lafiyayyar Prius da ma tana yin wajen kilomita 20 da litar fetur ɗaya.

Ka gani? Duk cajin da ka yi, cikakke, lita ɗaya ka tsira da ita. Ɗaya tak.

In za ka Kano, tafiyar wajen kilomita 200, batirin zai ƙare tun ba ka yi nisa ba, sauran hanyar kuma dakonsa za ka yi, kilo 50 zuwa 80, kamar ka ɗora buhun taki da rabi a but ba ka taɓa saukewa. Kuma kar ka manta, na'urar sanyaya Prius tun daga ta 2004 da lantarkin babban batir take aiki. A watan Afrilu a Haɗeja wa zai tuƙa mota gilashi a rufe ba sanyi? To wani kaso na wutar da ka tara can zai tafi.

Yanzu a ɗauka lita naira 1,000 ce. A ɗauka kuma, misali kawai, aikin gaba ɗaya, batir da konbata da caja da kuɗin hannu, ya ci maka naira miliyan biyu. Ko da kyauta kake samun wuta, kuma kana caji kullum ba fashi, sai ka yi kwana 2,000 kafin kuɗinka ya dawo. Shekara biyar da rabi ke nan. Ka saka farashin da aka faɗa maka a madadin nawa, ka raba da kuɗin lita ɗaya, ka ga kwana nawa zai ba ka. Sannan ka tambayi kanka ko batirin zai kai wannan lokacin, ko ita motar da ta riga ta haura shekara goma sha biyar za ta kai.

Wannan fa in wutar kyauta ce. To ba kyauta ba ce.

INA WUTAR?

Don ka cika wancan batirin sai ka ja yunit 4 zuwa 4 da rabi daga soket, saboda caja ma tana da tata asarar. Hanya uku ce gare ka.

Ta ɗaya, wutar KEDCO. Tun Afrilu 2024 masu layin Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, suna biyan sama da naira 200 kan kowane yunit. Yunit 4 da rabi ya tashi naira 900 da wani abu. Ka biya 900 don ka tsira da 1,000. Sauran layukan kuɗinsu bai kai haka ba, gaskiya ne, amma kowa ya san awa nawa yake gani a unguwarsu. Inda wutar take, da tsada. Inda take da araha, ba ta nan. Caja mai wat 1,000 tana buƙatar awa huɗu zuwa biyar a jere, da cikakken volt, ba irin wadda ke zuwa fanka na juyawa kamar mai jin barci ba. Kuma ba mu manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka samu matsala, Jigawa da Kano da maƙwabtansu suka kwashe sama da mako cikin duhu.

Ta biyu, janareta. Nan ne abin ya zama abin dariya. Litar fetur tana ɗauke da ƙarfin da ya kai wajen yunit 9. Ƙaramin janaretan gida yana mayar da kashi 15 zuwa 20 ne kawai cikin ɗari ya zama lantarki, sauran hayaƙi ne da zafi da ƙara. Wato lita ɗaya ta ba ka wajen yunit ɗaya da rabi, ba ta kai biyu ba. Don ka samu yunit 4 da rabi sai ka ƙona lita biyu da rabi, ko uku. Ka ƙona uku a janareta don ka tsira da ɗaya a mota. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Injin Prius kuwa, in yana aiki a inda ya fi ƙwarewa, yana cin moriyar sama da kashi 35 na man da ya sha. Ma'ana injin da ke cikin motarka ya ninka janaretanka iya sarrafa mai. Ka zuba man a tankinta kai tsaye ya fi maka.

Ta uku, sola. Wannan ce kaɗai mai ma'ana, don rana kam Allah Ya ba mu. Faifan sola na wat 1,000 zai iya tara yunit 4 zuwa 5 a wuni mai kyau. Amma yaushe ranar take? Daga hantsi zuwa la'asar. Ina motarka a lokacin? Tana kasuwa, ko ofis, ko gona. In da dare za ka yi caji, sai ka sayi wani batirin a gida da zai tara wutar da rana, da inbata da za ta iya ɗaukar cajar. Batir biyu ke nan, asara biyu wajen juye wuta daga wannan zuwa wancan, duk don lita ɗaya.

ZAFI DA ƘURA

Bidiyon da kake kallo yawanci an ɗauke su ne a ƙasashen da ake sa rigar sanyi rabin shekara. Mu nan a Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 a inuwa. Motar da aka ajiye a rana gilashi a rufe, cikinta yana iya wuce 60. Yawancin ƙwayoyin litiyam, masu ƙera su sun rubuta kar a yi musu caji in zafinsu ya wuce wajen digiri 45, kuma duk lokacin da suka zauna cikin zafi a cike, rayuwarsu raguwa take.

Batirin Toyota na asali yana da fankarsa, yana da na'urorin auna zafi, kuma kwamfuta tana rage masa aiki in ya ɗau zafi. Shi wanda za a ajiye maka a but, cikin akwatin da mai walda ya haɗa, wa ke lura da shi? Konbata tana gefensa tana fitar da nata zafin. In an huda masa wurin shan iska, ƙurar hunturu da ta hanyoyin fadama ta shiga ta toshe. In ba a huda ba, ya dahu.

Sai maganar irin batirin. Akwai litiyam mai sinadarin ƙarfe, wanda ake rubuta wa LiFePO4, shi ya fi haƙuri da zafi kuma bai cika kamawa da wuta ba. Amma don a rage farashi wasu tsofaffin ƙwayoyin batirin laftof suke tarawa su yi musu walda. Irin waɗannan in ɗaya ta kama, ta kunna ta kusa da ita, haka har su ƙare, kuma ƙaramin abin kashe gobara na mota ba ya tsayar da su. Ka tuna kuma lokacin da ake caji: da dare, mota a cikin gida, kusa da ɗakin da yara ke kwance. Araha ba ta ado.

RUWA

Ga abin da ya bambanta mu da Kano ko Katsina. Mu a bakin kogi muke. Duk damina in ruwa ya taso daga sama, ta wajen madatsun Tiga da Challawa, ya zo ya tarar kachalla ta toshe masa hanya, sai ya bazu. Wanda ya ga 2020 da 2022 ba sai an ba shi labari ba: hanyoyi sun yanke, garuruwa sun koma sai da kwalekwale, matasan Haɗeja suna kwana a kan jinga suna jera buhunan ƙasa.

To ina ake ajiye ƙarin batirin? Mafi yawa a ramin safaya, wurin da ya fi ko'ina ƙasa a cikin but. In ruwa ya shiga mota, can yake fara taruwa. Masu tsohuwar Prius sun san ma ko ba ambaliya, ruwan sama yana iya zurarowa ta tsagar da ke kusa da ƙofar but ya kwanta a ƙasan. Toyota ta ɗora nata batirin a sama da wannan ramin, a cikin akwatin ƙarfe, da makunnan da ke yanke shi daga sauran motar da zarar an kashe ta, da na'urar da ke ganewa in wuta ta fara zurara zuwa jikin mota. Kai kuma za a kawo maka wani a ajiye a ƙasansa, a huda jikin motar a fito da waya. Kowace huda ƙofa ce ga ruwa.

Ruwan fadama da laka in suka shiga batir ba lallai ya nuna a ranar ba. Tsatsa za ta yi ta cin mahaɗan a hankali, sai bayan makonni abin ya tashi, lokacin da kowa ya manta.

Ita safayar kuma ina za ta koma? Ko ta cinye maka but, ko ka bar ta a gida. Ka yi tunanin faci a hanyar Nguru bayan magariba ba safaya.

WA ZAI TAƁA TA IN TA LALACE?

Kanikawanmu suna da basira, ba mai musun wannan. Amma wayoyin nan masu ruwan lemo da ke cikin haibirid ba irin na batirin volt 12 ba ne. A ƙa'idar masu ƙera motoci, duk abin da ya wuce volt 60 haɗari ne. Nan ana maganar 200, inbatar motar kuma tana ɗaga shi zuwa 500 a ta 2004, har 650 a ta 2010. Ana buƙatar safar hannu ta musamman, a cire filogin tsaro, a jira wutar da ta saura a inbata ta sauka, a auna kafin a taɓa.

A motar da ba a taɓa ba, in ka cire filogin tsaron ka san ka raba batirin. A wadda aka juya akwai wata majiyar wuta ta biyu da littafin Toyota bai san da ita ba. Yaron gareji da aka ce ya duba fitilar baya bai san da ita ba. Wanda ya zo taimako in an yi hatsari bai san da ita ba. In jan alwatikan nan ya fito a allo, mai gyaran haibirid zai ce sai an cire kayan da aka ƙara kafin ya duba, wanda ya ƙara kuma zai ce matsalar motarka ce. Kana tsakiya. Kayan gyaran Prius za ka iya samu a Ƙofar Ruwa a Kano. Konbatar da aka yi oda daga waje, wadda ko sunan kamfani babu a jikinta, in ta ƙone sai dai ka sake oda. Ranar da za ka sayar da motar kuwa, dillali na buɗe but ya ga wayoyi, farashi ya faɗi.

“KAI DAI BA KA SON CI GABA”

Na san za a faɗa. Za a ce haka aka yi wa sola da farko, haka aka yi wa wayar hannu. A'a malam. Motar lantarki alheri ce, kuma tana tafe. Maganar ita ce a yi abu yadda ya dace.

Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato da ya yi aiki a General Motors, shi ake danganta wa zanen Chevrolet Volt, haibirid mai caji da ta fito a ƙarshen 2010. Ka duba yadda aka yi ta: batir mai yunit 16, an shimfiɗa shi a tsakiyar motar inda karo bai cika kaiwa ba, ana sanyaya shi da ruwa na musamman, kuma tana iya gudun babban titi da lantarki. Tun daga takarda aka tsara ta a haka. Lokacin da yake shugabantar hukumar NADDC kuma, tashar caji mai sola aka kafa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. Wato an fara da tambayar ina wutar za ta fito.

A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan bas-bas na haya su koma lantarki. Shi cire injin yake gaba ɗaya, motocin suna zirga-zirga a cikin gari kan gajerun hanyoyi, ana yi musu caji da sola. Motar haya da ke shan mai tun safe har dare, in ka raba ta da fetur ka yi babban abu. Prius kuwa da ma tana cikin motocin da suka fi ƙarancin shan mai a kan titi. Ka kashe miliyoyi don rage shan man motar da ba ta shan mai, wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Akwai wanda abin zai iya yi wa amfani? Akwai. Mutumin da da ma yana da babbar sola da wuta ke yi masa saura, motarsa tana wuni a gida ko a shagon da solar take, zirga-zirgarsa ba ta wuce cikin gari ko zuwa Malam Madori, gidansa a kan tudu, kuma shi da kansa ya san aikin lantarki. Mutum nawa ne haka a cikinmu? Shi ɗin ma, in ya sayar da tasa ya cika ya sayi wadda kamfani ya ƙera da soket ɗinta, ya fi masa kwanciyar hankali.

TO ME ZA KA YI?

1. Duba lafiyar batirin da kake da shi. Ka sayi ɗan abin nan na OBD2 mai Bluetooth, ka soka shi a ƙasan sitiyari, ka sauke manhajar Dr. Prius ko Hybrid Assistant a wayarka. Za ta nuna maka volt ɗin kowane rukuni, guda 14 ne a ta 2004 zuwa 2009, da zafin batirin. In ka ga rukuni ɗaya yana faɗuwa ƙasa da 'yan uwansa sosai lokacin da aka taka totur, ya fara gajiya. Lambar P0A80 in ta fito, batirin take nufi. Batir mai rauni yana sa injin ya yi ta kunnuwa, man da kake nema ka tsira da shi can yake tafiya.

2. A wanke fankar batir, musamman bayan hunturu. Kuma kar a toshe ramin iskar da ke gefen kujerar baya da kaya ko mayafi. Ta nan batirin ke numfashi.

3. A duba ruwan sanyaya inbata da ɗan famfonsa. Ka kunna motar, ka leƙa robar ruwan, ya kamata ka ga yana motsi.

4. Iskar taya daidai da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, matatar iska mai tsabta, baƙin mai irin wanda littafin motar ya ce. Ka rage gudu a babban titi, ka riƙa sakin totur tun daga nesa maimakon birkin gaggawa. Ka ajiye ta a inuwa. Waɗannan kusan kyauta ne.

5. In kana da kuɗin batirin litiyam, ka sa shi a gida. Yunit 4 ɗin nan da zai ba ka lita ɗaya a mota, a gida zai riƙe maka fitilu da fankoki da cajin wayoyi tsawon dare, ya raba ka da janaretan da ke shan lita biyu zuwa uku don samar da daidai wannan wutar. Batir ɗaya, amfani ninki biyu ko uku, kuma yana zaune a inuwa ba ya shiga rami ba ya shiga ruwa.

6. In kana noman rani, shinkafa ko alkama ko tattasai, ka san inda fetur ɗinka yake tafiya da gaske. Injin ban ruwa yana shan kusan lita a kowace awa. Famfon sola yana aiki ne daidai lokacin da rana take, ko batir ba ya buƙata. Wuni ɗaya a fadama zai tsirar maka da man da batirin but zai yi kwanaki bai tsirar ba.

IN KA NACE SAI KA YI

Kuɗinka ne, motarka ce. Amma kafin ka miƙa makulli ka yi wa mai aikin waɗannan tambayoyin, kuma ya rubuta maka amsa. Wane irin litiyam ne, sabo ko tsoho, wane kamfani? Akwai na'urar da ke lura da kowace ƙwaya, ta yanke caji in zafi ya yi yawa? Ina fis, ina makunnin da za a kashe komai da hannu in an shiga matsala? In ruwa ya kai ƙasan but me zai faru? Mota nawa ya yi wa, ina wadda ta shekara biyu tana yawo, a je a gan ta a ji daga bakin mai ita? In ta ƙone, wa zai biya?

In ya fara cewa “ai ba komai, Alhaji, ka bar wa Allah”, ka karɓi makullinka. Dogaro ga Allah bai hana ɗaure raƙumi ba.

Ku kuma masu ɗora bidiyon nan kuna tara mabiya, ku ji tsoron Allah. Ku riƙa nuna wa mutane mitar wuta da rasit ɗin batir, ku faɗi lita nawa ake tsira da ita a caji ɗaya, ku faɗi da me kuka yi cajin. Mutumin da ya sayar da amfanin gonarsa ya sayi mota bai cancanci a mayar da ita abin gwaji ba.

Wanda yake da lissafin da ya saɓa wa wannan, ya kawo shi da lambobinsa mu duba tare. Wanda kuma ya san mai haibirid da ke shirin kai ta a yanka, ya tura masa wannan kafin ya biya kafin alƙalami.

Allah Ya tsare mana dukiya da rayuka, Ya kawo mana sauƙin rayuwa.